Baffa da Agogon Gudun Motarsa

Baffa ya rasu ranar Laraba da hantsi, kuma kafin a gama yi masa wanka ƙofar gidansa ta cika da direbobi. Masu lodin Birniwa sun ajiye motocinsu a tasha sun taho, na Kafin Hausa ma haka. Ni daga Kaugama na iso da baƙin mai a farcena, domin ina cikin kwance injin ban-ruwa babban ɗansa ya kira ni a waya. Na tarar ana ta yabo. Wani tsohon direba da haƙoransa suka ƙare yana cewa Hadejia ba ta taɓa yin mai kunnen mota irin Baffa ba. Wani ya ce bai taɓa barin fasinja a daji ba. Wani kuma, wanda na san Baffa ya taɓa wanka wa mari a gaban jama'a don ya tsallake masa layi, shi ya fi kowa share hawaye da bakin rigarsa. Da na ratso cikinsu sai surutun ya ragu, aka ɗan matsa mini a ƙarshen tabarma, can wajen takalma.

A maƙabarta, bayan an mayar da ƙasa, liman ya yi abin da aka saba. Ya ce ɗan'uwanmu ya tafi inda ba zai iya ba kowa haƙuri ba, duk wanda ya san yana da haƙƙi a wuyansa ya dubi Allah ya yafe. Jama'a suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe masa." Ni ban buɗe baki ba. Ban kuma sunkuyar da kai don kada a lura ba, a sahun gaba nake, kusa da babban ɗansa, wanda nake kira Yaya.

"Ban ji muryarka ba," in ji shi a hanyarmu ta dawowa.

"Ba ka ji ba don ban yi magana ba, Yaya."

"Ubanka ne fa."

"Na sani. Da bare ne, da tuni na manta da shi."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Na ga yadda ake shirin manta Baffa, kuma da yabo za a manta shi. Kafin a yi sadakar arba'in za a goge shi tas, a mai da shi wani dattijo mai fara'a da ba a taɓa yi ba. Mutumin da na sani ba haka yake ba, ni kuwa ina so a tuna da wanda ya rayu.

Yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gajere, mai faɗin kafaɗa, da wata siririyar murya wadda ba ta dace da zafin ransa ba. Ba ya amsa gaisuwa sau biyu. In ka ce ina kwana ya ce lafiya, ka ƙara da ina gajiya, sai ya ce, "Me ya kawo ka?" Yana cin goro, amma a cikin aljihu yake ɓara shi don kada na kusa ya sa rai. Motarsa tsohuwar bas ce, fara a da, tana ɗaukar mutane a ciki, kwalayen kifin banda da buhunan tattasai a sama da kuma duk inda aka sami wuri. Ƙofar gefe da igiya ake ɗaure ta. In fasinja ya yi ƙorafi amsar Baffa ɗaya ce: "Ta uban wa ta fi ta?" In mace ta roƙi a tsaya ɗanta zai yi fitsari, zai tsaya, amma sai ta sha faɗa har Birniwa.

Akwai abin da ba zan ci masa ba. Shekarar da kogi ya ci ƙauyenmu mahaifina bai daɗe da rasuwa ba. Ruwa ya bi ta gonakin shinkafa ya shigo gidaje, muka koma kan tudu da tukwane da tabarmi, mu da sauran mutanen unguwa. Direbobi suka ce babu mai sa motarsa a wannan hanya. Baffa ya sa tasa. Ruwa har bakin ƙofa, inji yana tari, ya kwashe mu, ya koma ya kwashe maƙwabta, ya yi ta kai da kawowa har rana ta yi sanyi. Bai karɓi komai a hannun kowa ba, kuma bai daina zagin kowa ba. Ya zagi wanda ya ɗauko turmi, ya zagi wanda ya manta tsohuwarsa ya ɗauko rediyo. Mahaifiyata tana yi masa godiya tana kuka, ya ce, "Ajiye godiyar, ki riƙe akuyar nan kada ta ɓata mini kujera." Ya ba mu ɗaki a gidansa, a nan na girma.

A ruwan nan ne agogon gudun motar ya mutu. Allurarsa ta kwanta a kan sifili ba ta sake tashi ba, Baffa kuma bai taɓa neman a tashe ta ba. Abin ya ma zame masa abin taƙama. Yakan ce direban da sai ya leƙa agogo zai san gudunsa ya je ya koyi ɗinki. Shi da kunne yake tuƙi. In gilashin baya ya fara karkarwa, ya ce sittin ke nan. In igiyar ƙofa ta fara kuka, tamanin. Matasan direbobi suna ba da labarinsa a wurin mai shayi, suna ƙara gishiri, shi kuma ba ya gyara musu.

Shi ya kai ni gareji da hannunsa. Ya ce wa maigidan, "Ga shi nan. In ya yi wasa ka karya shi, ni zan kai shi wurin mai ɗori." Ban yi wasa ba. Da aka yaye ni na kafa rumfata a gindin wata darbejiya kusa da tasha, kuma hannuna ya fi faɗawa a wayoyi da agogunan mota. Na yi suna daidai gwargwado, na yi aure, motoci suna kwana a layi suna jirana. Baffa yana kawo mini tasa in canza mai ko in ɗaure burki, yana tsaye a kaina yana gaya mini yadda ake riƙe sifana.

Matarsa, wadda duk gidan muke kira Iya, ita ta kawo maganar agogo. Wata rana na shiga gaishe ta, tana tsince shinkafa a faifai, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ɗan nan, ka gyara wa babanka allurar nan."

"Iya, ai ba ya so."

"Ban tambaye ka abin da yake so ba. Ka gyara, sannan ka zauna kusa da shi ku yi tafiya ɗaya. In ka dawo ka gaya mini abin da ka gani."

Ban gane inda ta dosa ba. Na ɗauka fasinjoji ne suka kai mata ƙara. Da Baffa ya kawo motar canjin mai ya tafi ɗaurin aure, sai na shiga ƙarƙashinta.

Agogon irin waɗannan tsofaffin motoci ba shi da wani sirri. Kebul ne ya taso daga giyabos ya hau har bayan agogon, a cikinsa akwai siririyar waya mai juyawa. A gindinsa, cikin giyabos, akwai wani ɗan giya na roba mai haƙora, shi ke juya wayar in mota tana tafiya. Da na kwance kebul ɗin na zaro wayar, guntu biyu ta fito, ja wur da tsatsa, da busasshen taɓon kogi cike da bututun. Ɗan giyan kuma haƙoransa sun cinye a gefe ɗaya. A nan ne masu gaggawa suke kuskure. Sukan sa duk wanda ya shiga ramin, alhali in haƙoran sabon ba su yi daidai da na tsohon ba, allura za ta tashi amma ƙarya za ta riƙa yi. Na zaga wurin masu kayan tsofaffin motoci da tsohon a tafin hannuna, na ƙi wannan na ƙi wancan, har na sami ɗan'uwansa sak. Na haɗa su baki da baki na duba, na sake dubawa. Na cika sabuwar wayar da giris na zura, na murza gindinta da yatsu biyu, na ga allura ta yi tsalle. Ban tsaya nan ba. Na roƙi wani abokina direba mai sabuwar mota muka hau hanyar Kaugama, yana gefena muna tafiya kai da kai, yana ɗaga mini yatsu ta taga. Abin da agogonsa ya ce shi nawa ya ce. Ina faɗin wannan dalla-dalla ne saboda shekarun da na yi ana ce mini ban iya ba.

Baffa ya dawo na gaya masa. Ya dube ni kamar na yi masa fitsari a tabarmar salla.

"Wa ya sa ka?"

"Kyauta ce, Baffa."

"Na ce maka ina bara?"

Washegari kasuwar Kafin Hausa take ci, na ce zan bi shi in ji ko kebul ɗin yana ƙara. Ya ce in shiga in yi shiru. Kujerar gaba, tsakanina da shi, wata 'yar kasuwa ce mai yawan magana, kuma na lura shi da kansa ya kira ta daga baya ya ce ta dawo nan. Muka hau hanya. Damina ta yi nisa, ruwa kwance hagu da dama, ciyawar kacalla ta rufe bakin fadama. Motoci suna wuce mu, har da masu babur. Na dubi allura, tana kan arba'in, ta ƙi gaba.

"Baffa, nawa ta nuna?"

Ya sunkuya ya leƙa agogon, ya daɗe, sannan ya ce, "Tamanin. Sai ka tambaye ni?"

Can gaba ya ce wa matar, cikin muryar tsokana, "Hajiya, su wa ke nan suka tare mana hanya? 'Yan garinku ne ko?"

"Kai Baba direba, shanu ne fa."

"To ai su nake nufi," in ji shi, motar ta ɗauki dariya, ya taka burki a hankali.

Haka aka yi ta yi har Kafin Hausa. Wancan mai keke ne ko mai jaki, an gyara gadar nan kuwa, wane ne wancan tsaye kamar an dasa shi. Matar tana amsawa tana jin daɗi ana hira da ita. Ni kuwa na gane da idonta yake tuƙi. Da muka tsaya na dubi nasa da kyau a cikin rana. Yanar ido ta rufe su, na dama ya fi fari.

Na jira har fasinjoji suka watse, na ce, "Baffa, idonka."

Bai juyo ba. Yana goge sitiyari da tsumma ya ce, "Ranar da wannan magana ta fito daga bakinka a tasha, ranar zan yi maka baki. Ba ni ba kai, duniya da lahira. Ni na ciro ka daga ruwa, na san inda zan mai da kai."

Na kai wa Iya labari kamar yadda ta ce. Ba ta yi mamaki ba, ta ce tun bara yake zuba shayi a gefen kofi. Na ce to a gaya wa shugaban tasha. Ta kama hannuna da hannuwanta biyu.

"In suka ji, a ranar za su cire shi daga layi, a gaban yaran da ya koya wa tuƙi. Ka san ba zai rayu ba. Ka bar ni da shi, kafin kaka zan sauke shi daga motar nan da dabara. Ka rantse mini ba za ka faɗa wa kowa ba sai na ce."

Matar da ta ciyar da ni tun ina ƙarami ce take roƙona. Na rantse mata.

Kaka ba ta zo ba aka yi haɗarin. A hanyar Birniwa akwai wani siririn kwalbati da ruwa ya cinye wa gefe. Duk mai ido yana kauce wa wurin. Baffa ya sa tayar dama a cikin iska, motar ta kwanta a rami, kaya suka rufto kan mutane. Ba a rasa rai ba. Amma matar wani mai sayar da kifin banda, wadda ke zuwa ganin gida, buhuna suka danne mata ƙafa, ƙashin ya farfashe. An yi ɗori an sake, an kai ta asibiti, ƙafar ba ta koma daidai ba. Har yau da sanda take tafiya.

'Yan ƙungiyar direbobi suka yi zama a tasha, aka kira ni, ban san dalili ba. Baffa yana zaune da bandeji a goshi, mai kifin yana tsaye a gefe. Shugaba ya tambayi yadda aka yi. Baffa ya nuna wajen da ya ji muryata lokacin da na yi sallama.

"Allurar da yaron nan ya sa mini ce. Tana nuna arba'in, ashe ina kan ɗari. Shekara nawa ina tuƙi da kunnena ban taɓa kayar da kowa ba, sai da ya kawo mini ƙaryarsa."

Na ce a ɗauko motar a gwada. Ashe tun a bakin ramin, kafin a jawo ta, ya fizge kebul ɗin da hannunsa ya wurga a ruwa, ya fasa gilashin agogon da sifana. Ya ce haushi ne ya sa shi. Na nemi abokina da muka yi gwaji tare, ya dubi ƙasa ya ce shi bai riƙe abin da agogonsa ya nuna ba. Fasinjoji kuwa, duk wanda mota ta kayar gudu yake tunawa. Ba wanda ya tambayi yadda mutumin da ke jin sittin a gilashi ya kasa jin ɗari. Da kansu suka samo masa amsa, wai tun da aka sa masa agogo kunnensa ya rikice.

Maganar tana bakina, har ina jin ɗacinta. Na haɗiye. Mai kifin ya zo gabana ya tsaya, ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai," ya tofar da yawu a gefen takalmina ya wuce.

Da yamma na je wurin Iya na ce ta sake ni daga rantsuwar. Ta ce, "Yanzu? Yanzu in ka faɗa ai gidan yari za a kai shi."

Cikin 'yan makonni rumfata ta zama wurin hutun awaki. Direbobi suka sa mini suna Mai Allura, in na wuce su ce a rage gudu. Matata ta je suna wata ta tambaye ta ko tuwonta ma arba'in yake nunawa. Na kwashe kayan aikina na koma Kaugama, inda ba a san ni da mota ba, na shiga gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa. Ana ci ana sha, ban ce yunwa ta kashe ni ba. Amma aikin da na fi iyawa a duniya ban sake taɓa shi ba, kuma 'ya'yana sun tashi suna jin ana cewa ubansu ya gurgunta mace.

Baffa bai sake tuƙi ba, ya ce haɗarin ya taɓa masa baya, ya miƙa wa Yaya motar. Bayan kaka aka kai shi Kano, aka ce wurin likitan ƙashi. Ya dawo da baƙin tabarau, ya ce na rana ne. An cire masa yanar, ido ya buɗe. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da ya mutu makaho, da na ce bai ga abin da ya yi ba. Ya gani sarai. Duk salla ina zuwa gaishe shi, domin gaisuwa dole ce, yana kallon fuskata, yana kallon hannuwana da suka koma na mai gyaran famfo, ya ce lafiya, ya ce, "Me ya kawo ka?" Duk kaka buhun shinkafa yana isowa gidana daga gonarsa, ba saƙo ba gaisuwa. Mun ci, don shinkafa ba ta yi mana laifi ba. Ban taɓa ɗaukarta a matsayin ban haƙuri ba, shi ma bai ce ita ce ba.

A ciwonsa na ƙarshe na je, na zauna a bakin gadonsa, aka bar mu mu biyu. Na ba shi lokaci. Ya daɗe yana kallona, leɓensa yana motsi, har na fara sa rai. Sai ya ce in gaya wa Yaya ya daina barin motar a rana, taya za ta lalace.

Ranar sadakar uku aka cika fiye da ranar jana'iza. An shimfiɗa tabarmi daga zaure har bakin titi, ana ta fito da farantan shinkafa da waina. Mai kifin ma ya zo, ya tsufa, ya gaisa da kowa a layinmu, ya tsallake ni. Kafin a fara addu'a Yaya ya taɓa kafaɗata ya ce Iya tana kira.

Na same ta a ɗakinta cikin kayan takaba, a kan tabarma, carbi a hannu. Ta kori matan da ke wurin.

"An ce ba ka yafe ba."

"Ban yafe ba, Iya."

"Yana can shi kaɗai. Ba ka tausayinsa?"

"Ina tausayinsa. Amma a gaban direbobi ya faɗa, a gabansu nake so a warware."

"Wanda ya mutu ba ya magana, ɗan nan."

"Ke kina da rai."

Ta daɗe tana jan carbi. Na san abin da na nema ba ƙarami ba ne. Matar da ta riƙa zuba masa shayi da kanta don kada baƙo ya lura, ita nake cewa ta tona shi kwana uku da binne shi. Ban janye ba. Ta ce, "To na sake ka, je ka faɗa." Na ce in ni na faɗa, za a ce na jira ya mutu ne in yi masa ƙazafi. Ta dube ni da idon da ba ta taɓa dubana da shi ba, ta ce in fita.

Na koma waje na zauna. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Mutane sun fara jawo faranti sai muka ji sallamar mace daga bayan asabarin ƙofar zaure. Yaya ya miƙe da sauri, ta ce ya zauna. Iya ce, ba a ganinta, ƙafafunta kawai a ƙasan asabarin.

"Malam, ku gafarce ni, ina da magana da mutanen tasha. Agogon da ɗan nan ya gyara bai yi ƙarya ba. Ni na sa shi ya gyara. Lokacin da aka yi haɗarin maigidan nan ba ya gani, yana ce a idonsa, a Kano aka cire. Ni na sani, ni na hana yaron faɗa. Wanda zai zarga ya zarge ni."

Ba wanda ya motsa. Tsohon direban nan mai yabon kunne ya bar hannunsa a cikin faranti. Wani ya ce inna lillahi a hankali. Na ga mutanen da suka yi shekaru suna ce mini Mai Allura suna neman inda za su ajiye idonsu, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

"Ɗan nan," in ji Iya, "yanzu fa?"

"Na yafe masa, Iya. Duniya da lahira."

Da gaske na faɗa, kuma na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Liman ya ce alhamdu lillahi, ya ɗaga hannu zai ƙara addu'a. Sai mai kifin ya miƙe. Ya kakkaɓe rigarsa, ya ture farantin gabansa da gefen ƙafa.

"Malam, dakata. A maƙabarta na ce na yafe. Na ɗauka faɗan kuɗin mota da baƙar magana nake yafewa. Wannan ban san da ita ba."

"Alhaji, abin da aka riga aka yafe..."

"Allah ya san abin da na yafe. Ya san ba ya gani ya ɗauki iyalina, sannan ya bar ni ina tsine wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ban yafe ba."

Ya sa takalmansa ya tafi, ba wanda ya iya tare shi. Daga bayan asabari muka ji wani ɗan sauti, kamar an taka wa Iya ƙafa. Sai ta kira ni, muryarta a bushe.

"Ka samu abin da kake so. Tashi ka bi shi, ka roƙar wa babanka."

Na so in ce ba ni na kayar da motar ba. Na so in ce ta aiki Yaya, shi ne ɗan cikinsa. Amma na duba wurin kaf, na ga babu wanda mai kifin zai saurara sai ni, domin ni kaɗai ne Baffa ya cuta tare da shi. Na nemi takalmana a cikin tarin na mutane.

Na cim masa a ƙofar gidansa, bayan kasuwar kifi. Ya ga ni ne, ya tsaya. Shi ya fara magana, ya ce in yafe masa yawun da ya tofar. Na ce wannan ya wuce, na zo ne a kan Baffa. Na gaya masa labarin ruwan da ya ci ƙauyenmu, da ɗakin da aka ba mahaifiyata. Na ji kaina ina kare mutumin da na yi shekaru ina ƙi, kuma ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya saurare ni har na gama.

"Ka gama?"

"Na gama, Alhaji."

"To ba ni za ka roƙa ba. Ƙafar ba tawa ba ce."

Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure ya shiga ciki. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, na ji muryar mace ta tambaye shi wani abu, ya sake maimaitawa. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa abin da ya yi a cikin ruwa ya rinjayi abin da ya yi a tasha. Ni dai nawa na sauke. Ina zaune ina shirya kalmomin da zan fara da su, sai na ji ƙarar sandarta a kan siminti, tana tahowa a hankali, kuma duk abin da na shirya ya gudu.